Yadda Muke Fitar da Sabon Irin Furen Kirisantimam Mai Jure Zafin Sakkwato

Kirisantimam ba furen ƙasarmu ba ne. Asalinsa ƙasar Sin, daga can ya tsallaka Japan, daga baya Turawa suka ɗauke shi suka mayar da shi hajar kasuwa, har ya zama yau Holan da Kolombiya na cikin manyan masu yankansa da kara suna turawa duniya. Masu ƙawata zauren biki da otal-otal suna son sa ne don yakan yi mako biyu a ruwa bai yanƙwane ba. Sai dai irin da ke yawo a kasuwa an tace su ne a wuraren da dare ke da sanyi. Ka shuka su a Sakkwato, za su ba ka fure mai kyau daga Disamba zuwa Fabrairu. Da bazara ta kawo kai sai su ƙi buɗewa, ko su buɗe a karkace, launi a koɗe. Wannan giɓin ne ya sa muka shiga barbara da kanmu, muna neman irin da zai ƙara mana ko da wata biyu a kan lokacin girbi.

Duk jadawalin aikin tsawon dare ne ke juya shi. Shukar nan takan fara ƙulla fure idan hasken yini ya gaza kamar awa 14 da rabi, ƙullin kuma ya ci gaba har ya buɗe idan yinin ya gaza awa 13 da rabi. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Yininmu mafi tsawo, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba, mafi gajarta kuma a Disamba ya ɗan haura awa 11. Ke nan a wurin shukar kullum lokacin fure ne. In ka dasa reshe ka zuba masa ido, zai ƙulla fure yana tsawon taƙi ɗaya, babu karan da za ka kai kasuwa. Manoman Holan baƙin labule suke ja a watanninsu na dogon yini don su ƙara wa dare tsawo. Mu fitila muke kunnawa mu yanke daren gida biyu, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, shukar ta ci gaba da yin kara da ganye.

Muna rataya ƙwan LED mai haske rawaya-rawaya, na wat 9 zuwa 12, mita ɗaya da rabi sama da kan shuka, da tazarar mita biyu tsakanin ƙwai da ƙwai. Abin da ake nema kamar luks 100 ne a daidai saman ganye, wato hasken da za ka iya karanta jarida da shi. Kada ka dogara da wutar gari a nan. In ta ɗauke dare uku ko huɗu a jere, kan shukar ya riga ya juya zuwa fure, kuma ko wuta ta dawo ƙullin ba zai koma ba: zai tsaya makaho, rassa su fito a ƙarƙashinsa, kara ya lalace. Sola da batir da ɗan agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa su ne kayan farko da ya kamata a saya, tun kafin iri. Haka kuma bayan an kashe fitila da gangan don a sa fure, hasken tsaro na gidan maƙwabta ko na titi da ke faɗowa kan fangali yana jinkirta layin da ke kusa da shi.

Sai zafi. Kirisantimam ya fi son dare mai digiri 16 zuwa 18, abin da hunturu ke ba mu kyauta a Disamba da Janairu. A Afrilu da Mayu kuwa rana takan wuce digiri 40, dare ma yakan tsaya sama da 25. Idan irin wannan zafin ya same shi a makonnin farko bayan kashe fitila, ƙullin fure yakan yi ta jinkiri, wani ya ƙara mako biyu, wani wata guda, wani ya bushe a haka. Iri ya bambanta ƙwarai wajen jure wannan, kuma halin yana bin jini. Shi muke farauta.

Wajen zaɓen iyaye mun haɗa gida biyu. A gefe ɗaya irin kasuwa masu dogon kara miƙaƙƙe da fure cikakke. A ɗaya gefen tsofaffin nan da ake samu a hannun masu sayar da furen tukunya a bakin hanya, gajeru ne, furensu ba wani abin a zo a gani ba, amma sun shekara suna shan zafi ba su mutu ba. Duk sabon da ya shigo sai ya yi mako shida a keɓe, nesa da sauran, a ga abin da ya zo da shi. Wanda zai shigo da rassa daga waje kuwa sai da izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su Najeriya.

Akwai abin da ke ba sabon shiga mamaki. Kirisantimam yana da kuromozom, wato 'yan zaruruwan cikin ƙwayar halitta da ke ɗauke da halayen gado, guda 54, saiti shida maimakon biyun da aka saba. Saboda haka 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya sukan fito kowa da kamarsa, da wuya ka sami biyu iri ɗaya, kuma ba ka iya cewa ga abin da zai fito. Launi ne kaɗai ke da ɗan tsari. Farin fure yana ɗauke da sinadarin da ke rusa launin rawaya, don haka fari da rawaya sukan ba da farare da masu ruwan madara da yawa. Mai son rawaya tsantsa sai ya haɗa rawaya da rawaya. Ruwan hoda da ja wani launi ne da ke hawa kan fari ko rawaya, kuma shi zafi ya fi ci: hodar da ta burge ka a Janairu za ta dawo fari-fari mai datti a Maris. Shi ya sa muka fi ba fari da rawaya ƙarfi, dama su masu ƙawata zaure suka fi tambaya. Sannan shukar ba ta karɓar bununin kanta, takan ƙi na danginta na kusa ma. Wasu haɗin ko ƙwayar iri ɗaya ba za su bayar ba komai ƙwarewarka. Maganinsa shi ne a yawaita haɗi, kuma kowane a yi shi ta fuska biyu, wanda ya zama uwa a nan ya zama uba a can.

Barbara aikin Disamba da Janairu ne. Abin da ido ke gani fure ɗaya, tarin ƙananan furanni ne a kai guda. Na gefe masu dogon harshe mata ne zalla. Na tsakiya, 'yan ƙananan bututu rawaya, suna da namiji da mace, kuma su ke zubar da bununi. Irin da furensa ya cika dam da harsuna ba shi da na tsakiyar sai kaɗan, don haka ya fi dacewa da zama uwa. Mai buɗaɗɗen ido, wato wanda na tsakiyarsa ke a fili, shi ne uba.

A kan uwa muna zaɓar kan da harsunansa na waje suka fara miƙewa amma tsakiya ba ta buɗe ba. Da ƙaramin almakashi sai a datse harsunan a bar kamar rabin santimita, a hankali, don zaren macen yana kwance a gindin kowane harshe, in almakashi ya yi ƙasa da yawa ya tafi da shi. Sai a sa hantsaki a tsince na tsakiya duka. A rufe kan da ambulan na takarda a ɗaure bakinsa da zare. Leda ba ta yi, tana tara gumi kan ya ruɓe, da rana kuma ta dafa shi. Bayan kwana biyu ko uku zaren zai leƙo, bakinsa ya rabu biyu kamar gwafa. A lokacin ne ya shirya.

Kan uba ma a rufe yake tun kafin ya buɗe, in ba haka ba ƙudan zuma da ƙudaje sun gauraya maka shi da na wani. A kaɗa shi a kan ɗan faranti mai duhu, garin rawaya ya zubo, a ɗiba da buroshin zane mai laushi a shafa a bakin kowane zare. Tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe ya fi, kafin iskar hunturu ta tashi ta busar da bakin zaren. Mukan kafa zana a gabas da arewacin fangali don tare iskar da ƙurarta. Kowane uba da buroshinsa, ko a wanke da sifirit a bar shi ya bushe sarai kafin a taɓa wani. Da yake zagayen waje ke fara nuna kafin na ciki, ana maimaita shafawar bayan kowane kwana biyu, sau uku ko huɗu a kai ɗaya. Sunan uwa ake fara rubutawa, sannan uba, sannan kwanan wata, kuma da fensir. Rubutun biro da na alƙalamin maka rana ce ke cinye shi.

Daga nan ruwa a gindi kawai, kada ya taɓa kai. A riƙa buɗe ambulan ana dubawa, don darɓa tana son ɓuya a ciki ta tsotse kan kafin iri ya ƙosa. Cikin mako biyar zuwa bakwai kan zai bushe ya yi ƙasa-ƙasa. A yanke, a shanya a inuwa mako guda, a murza a kan farin tire, a hura a hankali. Ƙaiƙayi da holoƙon iri za su tashi, masu ƙwari su tsaya, 'yan ƙanana masu duhu da tauri. Wani kan ya ba ka uku, wani talatin, wani babu. Fabrairu ba lokacin shuka ba ne a nan, bazara za ta kashe tsiron. Muna ajiye irin a ambulan cikin kwalba mai murfi da ɗan gawayi busasshe, a ƙasan firij, har ƙarshen Agusta.

Ƙasar reno kashi uku ce daidai wa daida: yashin gulbi, ɓuntun shinkafa da aka babbake, da ruɓaɓɓen taki tankaɗaɗɗe. Muna turara ta a rabin duro kamar awa guda, saboda ruɓewar gindi da tsutsar saiwa da ƙasar fadama ke ɗauke da su. A yayyafa iri a sama, a rufe da yashi siriri ƙwarai, a jiƙa da feshi. Tiren ya zauna a kan tebur ƙarƙashin rufi, ƙafafun teburin cikin gwangwanin ruwa, domin tururuwa na kwashe irin a dare ɗaya, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana tone shi. Tsiro yana fitowa cikin kwana 7 zuwa 14. Fitilar dare tana farawa tun daga nan. Da ya yi ganye huɗu sai a mayar da shi fangali mai faɗin mita ɗaya, wanda aka ɗaga santimita 15, da tazarar santimita 20, 'ya'yan kowane haɗi a layinsu. Mukan zuba NPK 15-15-15 kamar giram 60 a kowace murabba'in mita kafin dashe. Idan tsayi ya kai santimita 30, wajen ƙarshen Oktoba, sai a kashe fitila a rubuta ranar.

Ranar nan ita ce tushen duk lissafi. Daga ita zuwa buɗewar fure muna son mako 7 zuwa 9. Wanda ya wuce haka a cikin sanyi, a zafi ba zai yi komai ba.

Zaɓen farko aikin rashin tausayi ne. Kara mai lanƙwasa, wuya mai laushi da fure ke rinjaya, ganyen ƙasa da ke ƙonewa da wuri, rassan fure da suka cure wuri ɗaya ko suka watse babu tsari, duk tugewa ake yi nan take. Fure shi ne abu na ƙarshe da muke kallo, don shi ne ya fi yaudara. In ka bar biyu ko uku a cikin ɗari ba ka yi asara ba. Kuma a sani, hunturu kowa yake yi wa ado. Tsiron da ya yi kyau a Janairu bai gaya maka komai a kan abin da kake nema ba tukuna, ya dai sami izinin shiga gwaji.

Mafi wuyar aikin shi ne ƙetarar da zaɓaɓɓun bazara, domin kowanne shuka ɗaya ce tak a duniya, in ta mutu shi ke nan. Bayan fure muna datse ta a bar santimita 10 zuwa 15, 'ya'ya su fito daga gindi, a raba su a tukwane, a ajiye a wuri biyu daban. Ragar inuwa mai tare kashi 50 zuwa 70 na rana, a ɗaga ta sama sosai iska ta ratsa, a rufe bakin tukunya da harawar shinkafa, ruwa safe da yamma, fitila kowane dare. Baƙar ledar reno in rana ta same ta tana dafa saiwa, tukunyar ƙasa ta fi ta nesa ba kusa ba. Babban abokin gaba a wannan lokaci jan gizo-gizon nan ne ɗan mitsitsi da ke zama a bayan ganye, zafi da bushewa ne abincinsa. Ganye zai fara ɗige-ɗige fari, sannan ya yi tagulla. Feshin ruwa mai ƙarfi a bayan ganye da sassafe yana rage shi, man dogonyaro da yamma yana taimakawa, in ya yi yawa sai maganin feshin da ake kira abamektin, amma kada a maimaita magani ɗaya a jere, yana saurin sabawa. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri kuma yana ƙona bakin ganye, sai a riƙa yi wa tukunya ambaliya lokaci-lokaci gishirin ya fita ta ƙasa.

Daga shekara ta biyu babu sauran maganar iri, da reshe ake yaɗawa, shi ne kawai ke fitar da shuka sak uwarta. Da sassafe a karye kan reshe mai santimita 5 zuwa 6 da ganye uku ko huɗu, a tsoma gindin a hodar da ke sa saiwa ta fito, a kafa santimita 2 a cikin yashi da ɓuntu, a rufe da farar leda a inuwa ana fesa ruwa sau da yawa a yini. Saiwa na fitowa cikin kwana 10 zuwa 14. Da hannu muke karyewa ba da reza ba, saboda wata cuta da ke tsumburar da kirisantimam, wadda ta fi bairos ƙanƙanta, ba ta da magani, kuma ruwan jikin shuka da ke kan wuƙa ne ke yaɗa ta. Alamarta shuka ta gajarce, fure ya ƙanƙance ya riga 'yan'uwansa buɗewa. Sifirit ba ya kashe ta, sai ruwan bilic. Wadda aka gani da alamar a tuge a ƙona, har da duk reshen da aka ɗiba daga jikinta.

Yanzu ne gwaji na gaskiya. Ana shimfiɗa ragar igiya mai ido santimita 12 da rabi a kan fangali, reshe ɗaya a kowane ido, ana ɗaga ragar sama yayin da shuka ke tsawo don kara ya miƙe. Wannan yana ba da 64 a murabba'in mita, amma a zafi da damina mukan tsallake wasu idanun a koma wajen 50, iska ta samu hanya. Kowane zaɓaɓɓe muna dasa shi zubi huɗu, a kashe wa na farko fitila a Oktoba, na biyu a Disamba, na uku a ƙarshen Fabrairu, na huɗu a Yuli. A kowane zubi sai an sa irin kasuwar da aka yi uwa da shi a gefe, don ba a sanin tsawo sai an tsaya kusa da wani.

Zubin Fabrairu shi ne alƙali. A ƙirga kwanakin da iri ya ɗauka kafin ya buɗe, a cire na zubin Disamba, abin da ya rage shi ne jinkirin zafinsa. Wanda bai wuce kwana goma ba, kuma furen bai nakasa ba, yana ci gaba. A nan ne yawancin kyawawan hunturu ke faɗuwa, wani da ba a kula da shi ba ya tsaya. Zubin Yuli kuma yana fallasa masu raunin ganye da saiwa: tabon ganye, ruɓewar fure, da yaushin da ke kama gefe ɗaya na shuka daga ƙasa. Rufin leda a sama, gefe a buɗe, yana rage ɓarna, amma ba ma fesa wa fangalin gwaji magani da yawa, don muna so mu ga wanda zai tsaya da ƙafarsa.

A wannan matakin ake gane wace kasuwa iri ya dace da ita. In ana son kara ɗaya mai furanni da yawa, ƙullin tsakiya ake cirewa da zarar ya kai girman ƙwayar wake, na gefe su taso tare. In babban fure ɗaya ake so, na gefen ake tsincewa duka. Muna gwada kowane iri ta hanya biyun. Taki kuma ana tsayar da shi da zarar ƙulli ya nuna launi, in aka ci gaba kara ya yi ruwa, fure ba ya daɗewa.

Sai gwajin ruwa, wanda da yawa ke tsallakewa. A yanke kara mai santimita 70 da asuba, a zare ganyen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, a tsoma a bokitin ruwa mai tsabta awa huɗu a inuwa. Sannan a kwantar da shi a kwali babu ruwa kwana biyu, domin haka zai yi a mota in za a kai shi Abuja ko Kano. A fito da shi, a datse gindi santimita 2, a sa a kwalba da ruwa mai ɗigon bilic, a ɗakin da babu na'urar sanyi. A kirisantimam ganye ne ke riga fure mutuwa, don haka shi ake kallo. Wanda ganyensa ya yi rawaya ko ya langaɓe kafin kwana goma ya fita, ko da furen na nan garau. Mai buɗaɗɗen ido da ke zubar da bununi a kan farin mayafin tebur shi ma masu ƙawata zaure ba sa sake sayensa.

Wani lokaci a cikin fangali za ka ga reshe ɗaya ya fito da launi daban da na uwarsa, mai ruwan hoda ya ba da fari ko rawaya. Irin wannan sauyi sananne ne a kirisantimam, kuma in aka ɗebi reshen aka yaɗa ana iya samun sabon launi mai duk sauran halayen uwar. Sai an yaɗa shi zubi biyu ko uku an ga bai koma ba. Amma in uwar irin wani kamfani ce mai rajista, sauyin ba naka ba ne kai kaɗai. Dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri da Najeriya ta kafa a 2021 ta shafi wannan, kuma ita ce hanyar yi wa naka rajista: sai ya bambanta da waɗanda ake da su, ya fito bai ɗaya, ya kuma tsaya a kan halinsa zubi bayan zubi. Littafin da ka riƙa rubuta uwa da uba da ranakun kashe fitila shi ne hujjarka.

Daga barbara zuwa irin da za a iya ba shi suna a kai wa mai saye, shekara huɗu zuwa biyar ne in komai ya tafi daidai. Wanda ya tsallake sai a ware masa iyayen reshe a rumfa ta daban mai ragar sauro, ba a barinsu su yi fure ko sau ɗaya, kuma ba a shiga wurinsu bayan an fito daga fangalin fure sai an wanke hannu. Kowace uwa tana ba da reshe ɗaya ko biyu a mako. Bayan wata huɗu zuwa biyar rassanta sukan fara ƙulla fure da wuri ko da fitila na ci, sai a sauya ta da sabuwa daga reshen mafi lafiyar cikinsu.